Wanke Lakar Kafin Ka Kwanta: Nasiha ga Mai Babur a Ƙasar Haɗeja

Ɗana, ranar da ka shigo da babur ɗinka gida kowa ya fito ya shafa, aka yi ta addu'a: Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya. Ni ma amin nake cewa. Sai dai addu'a tana son a tallafe ta da hannu, shi ya sa nake son ka zauna ka ba ni hankalinka. Maganar gudu da ganganci an sha yi maka, ba zan maimaita ba. Yau maganar tsatsa zan yi maka, wadda ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba ta hana mashin tashi da safe, har sai ranar da ta gama aikinta.

Ka fara sanin inda Allah ya ajiye ka. Mai hawa babur a Haɗeja ba ɗaya yake da mai hawa a kan kwaltar Kano ba, domin mu a bakin ruwa muke zaune. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, kuma da ya iso wajenmu inda ƙasa ta kwanta, sai ya rage gudu ya bazu cikin fadamu, ya yi rassa ya nufi Nguru da Gashuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan ya daina yankewa da rani yadda ya saba a zamanin kakanninmu. Kachala ta samu wuri ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa kwana a inda a da wucewa kawai yake yi. Ga kuma aikin noman rani na yankin Auyo da sauran fadamu. Saboda haka shekara takan zagayo tayar mashin ba ta rabu da danshi ba: da damina taɓo, da kaka ragowar ambaliya, da rani ruwan shinkafa da alkama da tattasai. Ka ga abin da ya faru a 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya shanye gonaki ya yanke hanyoyi, har sai an ɗora babur a kwale-kwale kafin a kai wasu ƙauyukan Guri da Kirikasamma. Wanda ke neman abinci a irin wannan ƙasa, dole kulawarsa da ƙarfe ta fi ta mutumin tudu.

Abu uku ne ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, ruwa, da iskar da muke shaƙa. In ka hana su haɗuwa, ka gama da ita. Fenti da giris da mai da kwalliyar da kamfani ke yi wa ƙarfe, duk aikinsu ɗaya ne, su shiga tsakani. Da zarar dutse ya kankare fenti, ko igiyar ɗaure kaya ta goge shi, ƙofa ta buɗe. Kuma tsatsa tana da mugun hali guda biyu. Na farko, tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa za ka ga fenti ya ɗago ya yi bororo, noti ya ƙi kwancewa sai an sa guduma. Na biyu, tana shan ruwa ta riƙe, don haka inda ta fara nan take ƙara samun abin da za ta ci gaba da shi. Kada ka raina ta don ka ga ɗan ɗigo ne ja. Wata ƙungiyar masana lalacewar ƙarfe ta Amurka, NACE International, ta ƙiyasta a 2016 cewa wannan ciwo na jawo wa duniya asarar kusan dala tiriliyan 2.5 kowace shekara, a gadoji da jiragen ruwa da bututun mai da sauransu. Masu wannan dukiya ba su raina ta ba, balle kai da jarinka ke kan taya biyu.

Yanzu ga gundarin maganar, ka riƙe ta ko da za ka manta sauran. Ruwan da ka ratsa da rana ba shi ne babban mai laifi ba, domin zafin inji da iskar hanya za su busar da shi. Lakar da ta kwana a jikin mashin ita ce matsalar. Taɓon fadamarmu mai danƙo ne. Yana cusa kansa ƙarƙashin madigadi, da bayan inji, da gindin jak, da cikin murfin cen, da duk wani lungu da ido ba ya kaiwa. Samansa zai bushe ya yi fari har ka ɗauka ƙura ce kawai, alhali cikinsa a jiƙe yake, manne da ƙarfe, kwana da kwanaki. Ka sa tsinke ka ɓanɓaro busasshiyar laka daga ƙarƙashin madigadin mashin da ya yi damina guda ba wanki. Bayanta fari ne, amma fuskar da ke manne da ƙarfen za ka same ta baƙa, da sanyi, da jan tabo a jiki. Wannan jan ba ƙasa ba ce, jikin mashin ɗinka ne ya biyo ta.

Abin da ke ƙara wa tsatsa sauri shi ne gishiri da danginsa, kuma sana'o'inmu cike suke da su. Buhun taki da kake ɗorawa a kariya zuwa gona, ko yuriya ko NPK, yana zubar da 'yan ƙwayoyi ta bakin ɗinki. Taki yana jawo laima daga iska ya narke, ya gangara cikin waldar kariya da kan notin shokazoba. Haka ruwan kifi da ke ɗiga daga kwando a hanyar kasuwa, haka fitsarin akuya ko ragon da aka ɗauro, haka ragowar maganin feshi da ke tsiyaya daga tankin goyo. Ba na ce ka daina ɗaukar kaya ba, ai don su aka sayi mashin ɗin. Ka shimfiɗa tsohon buhu ko guntun roba a kan kariya kafin ka ɗora, kuma ranar da ka ɗauki taki ko kifi, kada rana ta faɗi ba ka ɗauraye bayan mashin da ruwa mai kyau ba.

Akwai wuraren da nake son ka riƙa dubawa da idonka. Na farko cikin wili. Duk ranar da ka je wajen mai faci ya cire taya, kada ka koma gefe kana danna waya. Tsuguna ka duba. Ruwa yana bi ta ramukan sifok da ta gindin bawul ya shiga ya kwanta tsakanin wili da tiyub, inda rana ba ta gani. Za ka ga robar da ke rufe kawunan sifok ta yi ja, in ka ɗaga ta ka ga ɓawon tsatsa yana zubowa. Wannan ɓawon ne ke huda tiyub ka yi ta faci kana zargin ƙaya. Kawunan sifok kuwa in suka ciwu, ɗaya ya tsinke, nauyinsa ya koma kan na kusa da shi, wili ya fara rawa. Ka sa a goge wurin da burushin waya, a shafa jan fenti na maganin tsatsa, a bari ya bushe, a sa sabuwar roba. Kuɗin bai kai na wili ba.

Na biyu ƙashin mashin ɗin kansa, wato firam. Yawancinsa bututu ne mai rami, kuma ruwan da ya shiga ciki ba ya samun hanyar fita da wuri. A nan tsatsa take yin irin aikin gara a ƙofar katako: fenti yana nan lafiya a waje, ciki ya zama gari, sai ranar da aka jingina a ji hannu ya burma. Ka riƙa duba wuraren walda, da ƙarƙashin sirdi, da ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, da inda matakin ƙafa ya haɗu da jiki. In ka ga jan ruwa yana tsiyayowa daga wata kafa bayan wanki, to ciki ya fara ciwuwa. In ka ga tsaga ko da siririya ce, sauke kaya ka nufi wajen mai walda. Firam ba ya karyewa a tsakar gida. Yana karyewa ne a cikin rami, da buhu biyu na shinkafa da mutum a baya.

Na uku birki. Yawancin mashinan da muke hawa, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, birkinsu a rufe yake cikin cibiyar wili. In ka ratsa ruwa, yana shiga ciki, kuma na ɗan lokaci birkin ba ya kamawa. Da ka fito daga ruwa, tafi a hankali kana ɗan taɓa birki gaba da baya har ka ji ya dawo. In ka ajiye shi a jiƙe ya kwana biyu, cikin zai yi tsatsa, sai ka ji yana ƙara ko yana cijewa. Sandar birkin baya da ƙaramin filin da ke riƙe da ita, da wayar birkin gaba da ta kuloci, duk suna ciwuwa a ɓoye. Waya takan fara tsinkewa zare-zare a cikin rigarta. In ka ji hannun birki ya yi nauyi ko ya ƙi komawa da kansa, gargaɗi ne. Ɗiga mai a bakin wayar, in bai saki ba a canza ta. Amma ka kiyaye, mai ko giris kada ya kusanci cikin birki ko fuskar taya.

Na huɗu cen. Cen da ya bushe ya yi ja yana cin haƙoran da yake hawa, yana cin mai, yana iya tsinkewa ko ya fita ya cije tayar baya kana cikin gudu. Wanke shi da kananzir da tsohon burushi, goge shi da tsumma, sannan ka ɗiga masa mai a kowace gaɓa. Na san baƙin man da aka juye daga inji shi kowa ke shafawa don ba a saye. Ya fi a bar cen a bushe, amma yana ɗauke da dattin inji kuma ba ya daɗewa. Man giya mai kauri, lamba 90, ya fi zama. Kuma kada ka labta, domin mai da yawa yana kama yashi ya zama abin niƙa ƙarfe.

Sai tanki, wanda tsatsarsa ke zuwa ta hanya biyu. Tankin da kullum ke kwana da ɗan mai a gindi, sauran cikinsa iska ce mai laima. Da dare ya yi sanyi, laimar ta zama raɓa a bangon ciki ta gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake sauka ya zauna a kan ɗinkin tanki. Hanya ta biyu ita ce man da aka saya a kwalba ko jarkar da ta sha ruwan sama. Ka taɓa tsayawa ka ga bakanike ya juye man tanki a farar kwalba? In ta ɗan natsu za ka ga fetur a sama, ƙarƙashinsa wani siririn layi na ruwa mai launin ƙasa, da jan gari kwance a gindi. Wannan garin ne ke toshe kafireta, mashin ya riƙa shaƙewa yana mutuwa a tsakiyar hanya, har wata rana tankin ya fara zufar fetur ta ƙasa, kusa da inji mai zafi. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 cika tanki ya zama sai mai hali. Duk da haka, man da za ka saya gobe da safe, in da hali saye shi yau da yamma ya kwana a ciki. Ka duba robar murfin tanki, ka sa tsumma mai tsabta a mazurari in a kwalba za ka saya, kuma ka sa a riƙa wanke ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin mai.

Salansa ita ma daga ciki take ruɓewa. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana fitar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. In tafiyar mai nisa ce, salansa takan yi zafi ta kore shi. In kuwa daga gida zuwa bakin kasuwa ne a kashe, tururin yakan koma ruwa ya kwanta a ciki. Saboda haka mashin da ba ya nisa, a riƙa ba shi tafiya mai ɗan tsawo lokaci-lokaci. Batir kuma in ka ga farin gari ko shuɗi-shuɗi a kawunansa, cire wayoyin ka wanke da ruwan ɗumi, ka busar, ka mayar, ka shafa basilin.

Idan ƙaddara ta sa mashin ya nutse, ko ya mutu a tsakiyar ruwa, ina roƙonka kada ka buga kik. Ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke matsuwa. In ya shiga inji ka tilasta shi, sandar fistin za ta lanƙwashe, gyaran ɗan kuɗi ya koma sauke inji. Tura shi tudu. A cire fulogi, a buga kik ruwan ya fito ta ramin, a ɗaga gaba salansa ta zubar da nata, a cire matatar iska a busar, a juye kafireta. Duba man inji: in ya koma fari-fari, ruwa ya gauraya da shi, a juye a sa sabo, a sake juyewa bayan ɗan gudu. A buɗe boris na wili a sabunta giris. Duk wannan a yi shi a ranar ko washegari, domin cikin inji ba fenti, tsatsa ba ta ɓata lokaci a can. Kuma in ka iso ruwan da ba ka san zurfinsa ba, biya mai fito ya tsallakar da kai. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wanki ma yana da ƙa'ida. Bari inji ya huce kafin ka watsa masa ruwa. Fara jiƙa lakar ta yi laushi, kada ka kankare ta da ƙarfe ka tafi da fenti. In ka sa garin sabulu, ɗauraye shi sosai, domin ragowarsa na cin alminiyam yana kashe hasken fenti. In a wajen masu wankin mota ne, ce wa yaron kada ya saita bakin injin feshi a cibiyar wili ko wuyan mashin ko wayoyin wuta, saboda ƙarfin ruwan yana kore giris ya zauna a madadinsa. Shiga da mashin cikin kogi don a wanke shi kuwa, ka bar wannan al'ada: kana cika boris da yashi, kana zuba baƙin mai a ruwan da mutane da dabbobi ke sha, masunta ke neman abinci. Bayan wanki goge shi da tsumma, tayar da shi ya ɗan yi zafi, sa wa cen mai. Kada ka lulluɓe jiƙaƙƙen mashin da leda ko tamfol, zufa zai yi a ciki har gari ya waye. Nema masa rumfa mai shan iska, a kan daɓe ko katako, nesa da buhunan taki.

Allah ya ba mu wata dama da mutanen bakin teku irin na Legas ba su samu kamar mu ba, wato hunturu. Iska takan bushe ƙarau, tsatsa ta lafa. Wannan ne lokacin biyan bashin damina. Bayan an gama girbi kuɗi ya ɗan shigo, ware wani abu. A cire sirdi da tanki da madigadi, a bi duk inda ya yi ja da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa jan fenti, a bi da na sama. Fenti a kan tsatsa ba gyara ba ne, rufa-rufa ce, za ta ci gaba a ƙarƙashi. A kwance manyan notuna a shafa musu giris a mayar. Wanda ya yi haka da sanyi, damina za ta same shi a shirye.

In za ka sayi kayan gyara, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Farin ƙyallin da ke kan wili da salansa siririn rufi ne, in ya yi araha sosai yakan zo da ƙananan kafofin da ido ba ya gani, damina ɗaya ta fito da jan ɗigo. Notin da aka yi wa rufin tutiya, irin na kwanon rufi, bai kai shi kyau ba amma ya fi shi amana, domin tutiyar ce ke ciwuwa ta bar ƙarfen. Alminiyam ba ya jan tsatsa, nasa farin gari ne, kuma in notin ƙarfe ya daɗe a cikinsa ba giris sukan manne da juna. Araha ba ta ado, ɗana. In kuma mashin na hannu za ka saya, leƙa cikin tanki da tocila, kwanta ka duba ƙarƙashi, ka yi hattara da sabon fenti a tsohon mashin. Ranar da kai ne mai sayarwa, faɗi aibin da ka sani. Wanda ya shafe ruɓaɓɓen firam da fenti ya miƙa wa ɗan'uwansa ya ci haram, kuma in wani abu ya faru a hanya yana da kaso a ciki.

Wataƙila ka ce mashin ɗin ba naka ba ne, na maigida ne, kai dai balas kake kaiwa. To nauyin ya ƙaru, domin amana ce. Mutumin da ya ba ka makulli yana kallon yadda kake riƙe da kayansa, kuma daga nan ake gane wanda za a ƙara wa jari da wanda za a karɓe. In kuma biya kake yi kaɗan-kaɗan har ya zama naka, duk lakar da ka bari ta kwana, kanka ka cuta, ranar da ka gama biya ragowar tsatsa za a miƙa maka. Sannan ka tuna waɗanda kake ɗauka: tsohuwa mai zuwa asibiti, mai ciki, yara 'yan makaranta. Ba wanda ya taɓa cewa a nuna masa sandar birki kafin ya hau. Sun yarda da kai ne, kuma Allah zai tambaye ka wannan yarda.

Abin da nake nema gare ka bai fi ƙarfinka ba: bokitin ruwa, tsumma, tsohon burushi, ɗan gwangwanin giris. Na san gajiyar wanda ya wuni a kan sirdi daga Haɗeja zuwa Kafin Hausa ko Malam Madori ya dawo, jiki na neman tabarma. Daure ka ba mashin ɗin ɗan lokaci kafin ka ba kanka. Ranar laka, wanke kafin ka kwanta. Ranar Juma'a da safe, duba cen da birki da sifok. Da hunturu, goge ka yi fenti. Koya wa ƙanenka da ke karɓar mashin ɗin da yamma, domin kulawar mutum ɗaya ba ta isa in hannu biyu ke hawa. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa nemanka albarka, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, kai da duk wanda ka goya.